Sadakar Matafiya

In da wani ya gaya min ina jami'a cewa aikin sulhu tafiya ce a kan takalmi mai tsini daga wannan ƙarshen baranda zuwa wancan, wallahi da na koma na karanta aikin jinya kamar yadda mahaifiyata ta so. Na cinye littattafai har idona ya fara neman gilashi. A cikinsu mai shiga tsakani yakan miƙe tsaye ne, ya yi wata magana mai ratsa ƙashi, maƙiya su fashe da kuka su rungume juna. Ni kuwa abin da Allah ya ba ni shi ne tsohon maigidana a wurin aiki, Amannazar aga, da butar shayinsa.

Maƙwabtanmu ne ke yaƙi da junansu. Ba zan faɗi sunan ƙasar ba, don rufe baki ne abu na farko da aka koya mana a ofis. Mutanen birni na riƙe da gwamnati, mutanen dutse na riƙe da tsaunuka. Mu kuwa 'yan ba-ruwanmu ne, saboda haka duk sanda suka gaji da harbin juna sai su zo wurinmu su huta. A wannan kakar an sauke su a wani gidan baƙi a gindin tsaunin Kopetdag, bayan babban birninmu Ashgabat. Minista Mirzobek da jama'arsa suka kama sashen gabas, Kwamanda Kurbonali da tasa jama'ar suka kama na yamma. Harshensu ɗaya, an ce ma malami ɗaya ya zane su suna yara, amma kowanne ya rantse ba zai dubi fuskar ɗan'uwansa ba. Ni ce tafinta, don haka ni ce bakin kowa, ni ce kuma ƙafar kowa.

Kuma kada ku ɗauka a kan yaƙin ake gardama. Ko kusa ba a kai can ba. A kan wurin zama ake yi. Wa zai zauna a tor, wato ƙuryar ɗakin da ta fi nisa da ƙofa, inda ake zaunar da babban baƙo? An kawo tebur mai kewaye, Minista ya ce ko tebur ya yi kewaye ai ɗakin na da ƙofa. An nemo ɗaki mai ƙofa biyu, Kwamanda ya auna da ido ya ce tasa ƙofar ta fi ƙanƙanta.

"Je ki gaya wa ɗan fashin can," in ji Minista, yana goge gilashinsa, "ni ba na zama ƙasa da mai kiwon awaki."

Na taka barandar nan ƙwas, ƙwas, ƙwas, na isa yamma na ce, "Yallaɓai, Minista na gaishe ka, yana tambayar ya ƙafarka."

Kwamanda ya tuntsire da dariya har gemunsa na rawa. "Ƙanwata, Allah ya shirye ki. Mirzobek bai taɓa tambayar lafiyar kowa ba, ko ta gyatumarsa. Me ya ce? Ɗan fashi ko mai awaki?"

"Duka biyun, yallaɓai."

"Yauwa. To ki ce masa awakina sun fi ministocinsa sanin hanyar gida."

Na koma gabas na ce Kwamanda ya amsa gaisuwa.

Amannazar aga, tsohon jakadan da aka ɗora wa aikin, kullum da hantsi sai ya shiga gabas ya sha koren shayi, ya yi hirar kankanar bana. Bayan azahar ya shiga yamma ya sha wani, ya yi hirar ciwon gwiwa. Ni ina gefe ina fassara zaƙin kankana da kumburin gwiwa.

Ga abin da ya hana ni sukuni. Tsakanin shingen mutanen birni da shingen mutanen dutse akwai wani mashigi a can saman tsauni, kuma a cikinsa manyan motocinmu na garin alkama suka maƙale tun farkon kaka. Na birni sun hana su komowa, wai garin na 'yan tawaye ne. Na dutse sun hana su wucewa, wai direbobin 'yan leƙen asiri ne. Ɗaya daga cikin direbobin shi ne Ilaman, wanda aka tsayar da bikinmu da shi bayan an gama cirar auduga. Kowa ya san in dusar ƙanƙara ta rufe mashigin nan, sai bazara ake zuwa a kwaso abin da ya rage. Kullum da safe kafin in wanke fuska sai na leƙa kan Kopetdag in ga ko ya yi fari. In namu ya yi, nasu ya riga shi.

Sau ɗaya tak muryar Ilaman ta iso ni, ta wata wayar sojoji mai ƙugi. Na rufe ido ina jiran kalmar da zan riƙe har in mutu.

"Gulalek? Ke ce? Ki gaya wa yayana man mota ya kusa ƙarewa. Kuma safar da kika saƙa min ta huje."

Sai wayar ta ɗauke. Na yi kuka saboda yana raye, na ƙara wani kukan saboda safa.

Ranar na tare Amannazar aga a bakin motarsa.

"Aga, don Allah ka yi musu maganar direbobinmu. Kalma ɗaya. Su biyun nan su ke riƙe da shingayen, ga su muna ciyar da su safe da yamma!"

Ya dube ni ta saman gilashi. "Gulalek jan, kin ci abinci?"

"Aga!"

"Saurara, 'yata. Abin da ya sa suke zuwa nan, ba don mun fi kowa wayo ba ne. Don ba ma neman komai a wurinsu ne. Ranar da na ce ku ba ni kaza, daga ranar na zama na uku a cikin faɗan. Ɗaya zai ba ni don ya saye ni, ɗayan ya hana ni don ya gwada ni. Kuma ke ma ban yarda ki furta ba. Bakinki nawa ne har a gama."

"To sai su daskare a can mu kuma muna hirar kankana?"

"Kankanar bana kam ta yi zaƙi," in ji shi, ya shige mota.

Da ina da abin jifa a hannu da na jefi motar nan. Sau nawa ina tsaye gaban Kwamanda sunan Ilaman ya hau kan harshena, in haɗiye shi kamar garwashi! Ban faɗa ba. Amma a zuciyata na rubuta wa Amannazar aga takardar ajiye aiki ta fi a ƙirga, kowacce ta fi ta baya zafi.

Ana cikin haka kan Kopetdag ya wayi gari da fari. A ranar kuma Kwamanda ya ce ya gaji, ranar Juma'a in an sauko masallaci zai kama hanya. Minista ya ce shi ma dama jakarsa a ɗaure take. Na ruga na gaya wa Amannazar aga. Ya ƙarasa kurɓar shayinsa, ya kife kofin, ya ce, "Af, na tuna. Uwargidana ta yi wa Allah alkawarin rago. Ranar Alhamis za ta fitar da sadakar. Je ki gayyato min su."

"Sadaka? Yanzu? Aga, gidan na cin wuta!"

"Ki ce su zo da hantsi."

"Ai sai bayan azahar ake ci."

"Da hantsi na ce."

Na tafi ina ƙunƙuni. Amma a duk faɗin ƙasashen nan namu, mutum zai iya ƙin gayyatar shugaban ƙasa, ba ya ƙin abincin da aka dafa don Allah. Kwamanda ya dafa ƙirji ya ce zai zo. Minista kuwa sai da ya yi tambaya.

"Wancan ma zai zo?"

"Yallaɓai, gidan sadaka ne. Ko kare ya zo ba a kora."

"Haka ne," ya ce, da alama amsar ta yi masa daɗi. "Ina za a zaunar da ni?"

"A tsakar gida, yallaɓai. Ƙarƙashin inabi."

Sai da na faɗa na ji abin da na faɗa. Tsakar gida ba ta da ƙurya. Na ɗan tsaya a baranda, sannan na ce wa kaina kai, dace ne kawai, tsohon nan bai kai nan ba.

Ranar Alhamis motocin biyu suka tsaya ƙofar gidan kusan tare. Kowanne ya fito ya gyara riga ya kafe, yana jiran ya ga wa zai fara shiga, ko kuma wa za a fara cewa bismilla. Na ce shi ke nan, a titi za mu wuni. Sai ga Ogulbibi eje, matar Amannazar aga, ta banko ƙyauren gida biyun, gari har gwiwar hannu, ɗankwalinta ya karkace.

"Su wane ne waɗannan suka tsaya min kamar turaku? Baban yara, baƙinka ne? Wa ya ce su zo yanzu, ko naman bai nuna ba! To tunda kun zo ku shigo, ku shigo, gurasa na bushewa, ba ni da hannu. Ke 'yar nan, gaya musu su wanke hannu."

Ta sa su gaba kamar tumaki. Har yau direbobinsu na gardamar wa ya fara taka dokin ƙofar.

An shimfiɗa babban zanen cin abinci a ƙarƙashin rumfar inabi, tsofaffin unguwa sun kewaye shi, gurasa tuli guda a tsakiya, da zafinta daga tanderu. Dograma za a yi. Duk wanda ya taɓa zuwa sadaka ya san ba a sa wa gurasar dograma wuƙa, da hannu maza ke gutsuttsura ta ƙanana-ƙanana, sannan a cuɗa da nama da albasa a zuba romo. Kuma wanda ya zo da wuri ba baƙo ba ne, ma'aikaci ne. Gurbi biyu ne kawai ya rage a bakin zanen, suna kallon juna. Ogulbibi eje ta dangwara wa kowannensu gurasa a cinya ta juya.

Na durƙusa bayan Amannazar aga. Tsofaffin unguwa ba su san ko su wane ne baƙin ba, in ma sun sani ba su nuna ba. Hirarsu suke ta tsadar ciyawa.

Can Ogulbibi eje ta dawo duba aiki. Ta sunkuya gaban Minista, ta ɗago wani gutsure ta nuna wa duniya.

"Wannan fa? Raƙumi za mu ciyar? Ke, tambaye shi, a gidansu ba a koya masa komai ba?"

Na buɗe baki zan ce wa Minista uwargida na yaba ƙoƙarinka, sai Amannazar aga ya ce ƙasa-ƙasa, ba tare da ya waiwayo ba, "Yadda ta faɗa."

Na fassara yadda ta faɗa. Kunnuwan Minista suka yi ja. Kwamanda ya yi ta ƙoƙarin danne dariya har ta ƙwace masa ta hanci.

"Tun muna yara haka yake," ya ce. "Komai sai ya ɗebi babba."

"Kai kuma fa?" in ji Minista. "Dubi naka, duk ka murtsuke shi ya zama tsaki. Abin da ka taɓa sai ya ruguje."

"Ni aƙalla hannuna ya san aiki."

"Ya san satar tuffa a gonar malam dai."

"Wa ya riƙe min rigar ina zubawa?"

Ban san sanda na kama hannun rigar Amannazar aga ba. Suna magana! Da bakinsu, ba da nawa ba! Shi kuwa ko ɗagowa bai yi ba, sai ya tura min albasa da faranti ya ce in taya su.

Haka aka yi ta yi har rana ta take. Zagi ne dai, amma mutum ba ya iya nuna ɗan'uwansa da yatsa alhali hannunsa biyu na cikin gurasa, ba ya kuma iya tashi ya fice ya bar ta a zube. Aka cuɗa naman, aka naɗe zanen don ya haɗu, aka buɗe, aka zuba romo a kwanoni. Ogulbibi eje ta ce kwanoninta ba su da yawa, mutum biyu-biyu za a ci. Na san ƙarya take, na ga tulinsu a madafa. Minista da Kwamanda suka ci a kwano ɗaya, kowanne na ƙorafin gutsuren ɗan'uwansa, suka side shi tas.

Da aka gama, limamin unguwa ya gyara zama ya ɗaga hannu, kowa ya ɗaga. Sai ya waiwaya wajen madafa kamar yadda aka saba. "Ogulbibi, da wace niyya aka yi?"

Ta leƙo tana goge hannu. "Ta matafiya ce, liman. Yaranmu masu motocin gari da suka maƙale a kan dutse. Cikinsu har da wanda zai auri 'yar nan. Na yi wa Allah alkawarin rago in ya dawo da su kafin ƙanƙara, na ce bari in ba shi tun yanzu, ko ya ji kunyata."

Tsakar gidan ta juya min. Amannazar aga, hannunsa a sama, idonsa a rufe, ya ce, "Gulalek jan, baƙi ba su ji ba."

Na fassara. Na kai wajen "'yar nan" na kasa, sai na nuna ƙirjina. Su biyun suka dube ni, irin kallon da ba su taɓa yi min ba duk zirga-zirgar da na sha a tsakaninsu. Hannuwansu na sama, da maiƙon ragon a yatsu. Ba a sauke hannu a tsakiyar addu'a. Liman ya roƙi Allah ya buɗe wa matafiya hanya, ya tausasa zuciyar duk wanda ya tare ta, ya haɗa kowa da iyalinsa. Tsofaffi suka ce amin. Kwamanda ya ce amin. Minista ya ɗan makara, amma ya ce, ya shafa.

Ministan ne ya fara magana. "Amannazar aga, wannan tarko ne."

"Wane irin tarko, yallaɓai? Gwamnatina ba ta roƙe ku komai ba. Ni ma ban roƙa ba. Ragon matata ne, kuma ba ku ta roƙa ba."

Kwamanda ya juyo gare ni. "Ƙanwata, duk kwanakin nan, ba ki ce komai ba?"

"An hana ni, yallaɓai."

Ya murza gemu. Sannan ya harari Minista. "Ku kuka fara sa shinge."

"Mu? Wa ya ƙona gadar ƙasa?"

"Ni in na ga dama gobe-goben nan sai in ɗage nawa."

"Kai ɗin? Kafin ka gama ɗaura takalmi na ɗage nawa."

"To a wace sa'a? Don in yarana suka ga motsi ba su sani ba, harbi za su yi."

Na matso, kunnuwana kamar su tsinke, bakina har ya fara juya maganar don Amannazar aga. Sai tsohon ya miƙe yana dafa gwiwa.

"Zo, 'yata, ki taya ni duba rumman ɗin bayan gida. Tsutsa ta shige su."

"Aga! Yanzu ne fa ake yin abin!"

"Shi ya sa."

Na bi shi ina waiwaye kamar akuyar da ake ja kasuwa. Duk rayuwata na yi ta jiran in ga lokacin da tarihi ke juyawa, ga shi yana juyawa taku kaɗan daga inda nake, ni kuwa ina tsaye ina riƙe wa tsoho kwando yana nuna min ramin tsutsa. Na ce masa ai da ya gaya min tun farko, da ban kwashe kwanaki ina tsine masa a zuci ba. Ya ce da ya gaya min da fuskata ta sanar da gabas da yamma kafin azahar. Na ce to in da sun tashi sun fice fa? Ya daɗe yana juya wani rumman a hannu.

"Da mun yi asarar rago," ya ce, "kuma da ban san da wane ido zan dube ki ba."

Yaƙin bai ƙare ba a ranar, kada in yi muku ƙarya. Ba su ma zauna a tebur ba sai a wani zuwan. Amma Kwamanda bai tafi ranar Juma'a ba, kuma kafin mako ya zagayo aka ɗage shingayen na wuni guda. Aka sauke rabin garin a ƙauyukan dutse, rabi ya gangara birni, motocin suka juyo ƙanƙara na bin su a baya. Rediyon birni ya ce jinƙan gwamnati ne. Rediyon dutse ya ce karamcin mayaƙa ne. Sunan ƙasarmu ko sau ɗaya bai fito ba. Na kai wa Amannazar aga ƙara, ya ce madalla, aiki ya yi kyau ke nan.

Ilaman ya iso gidanmu a rame, gemu buzu-buzu, yana warin man dizal. Na tsaya a bakin ƙofa ina kallonsa. Mahaifiyata ta yanka rago ita ma, aka zaunar da shi a bakin zane da yayyensa, ina kawo musu gurasa.

"An ce ministan nan ne ya yi mafarki da mahaifiyarsa," yake ba su labari. "Wasu kuma sun ce kwamandan ne sanyi ya dame shi." Ya ɗago ya yi min murmushin da na yi kaka guda ina mafarkinsa. "Ku kuwa 'yan ofis, Gulalek, me kuka yi ta yi muna can muna daskarewa? Shan shayi ko?"

Na buɗe baki. Barandar nan ta zo min, da takalmin da ya cinye min dunduniya, da sunansa da na yi ta haɗiyewa. Na tuna bakina har yanzu ba nawa ba ne. Na rufe shi.

"Shayi," na ce. "Da hirar kankana."

"Na faɗa muku!" Ya kwashe da dariya, ya yago wani ƙaton gutsure ya jefa a zane.

Na sunkuya na ɗauko shi na mayar masa a cinya.

"Ƙanana, Ilaman," na ce. "Raƙumi za mu ciyar?"